Kotun Ƙoli: Garkuwar Wanda Ya Yi Nisa da Gida

  Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne Kotun Ƙoli ta Nijeriya da manyan alƙalanta.

Na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan mai sayar da goro a Sabon Shagamu, ko ɗan tireda a Agege, ko mai dakon albasa a Mil Sha Biyu, da wata kotu da ke can Abuja, wadda ko ƙofarta ba zai taɓa gani ba? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce jigon maganata. Mutumin da ke zaune a garinsu yana da katangu da yawa da yake fakewa a bayansu: ga dangi, ga mai unguwa da ya san kakansa, ga gonar gado, ga ɗan majalisar da ke neman ƙuri'arsa. Wanda kuwa ya baro gida ya zo Ikko ko Badun ko Anaca ko Fatakwal neman halaliyarsa, yawancin katangun nan ya baro su a baya. Abin da ya rage masa shi ne dokar ƙasa, ita kuwa doka rubutu ce a kan takarda har sai an sami alƙalin da zai tsaya a kanta, an kuma sami hukumar da za ta bi abin da alƙalin ya faɗa. Saboda haka duk ranar da Kotun Ƙoli ta yi rauni, mu mazauna nesa da gida mu ne za mu fara ji a jikinmu.

TSARIN KOTUN

Shari'a a ƙasar nan kamar tsani take. A ƙasa akwai kotunan majistare da kotunan gargajiya da kotunan alƙalai irin namu na Arewa. Sama da su akwai Babbar Kotun Jiha da Babbar Kotun Tarayya, da kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci da na gargajiya a jihohin da suka kafa su. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1976. A can ƙololuwa Kotun Ƙoli take, daga ita sai Allah ya isa.

Ba haka abin yake ba tun farko. Har bayan samun mulkin kai cikin 1960, wanda kotun tarayya ta Ikko ta kayar yana iya ɗaukar ƙararsa zuwa Landan, gaban alƙalan Majalisar Sarauniyar Ingila. Sai ran 1 ga Oktoba, 1963, sa'ad da ƙasar nan ta zama jamhuriya, aka toshe wannan hanya, maganar ƙarshe ta dawo hannun alƙalanmu. A Ikko kotun ta zauna shekara da shekaru, kusa da Dandalin Tafawa Ɓalewa, kafin ta bi gwamnati zuwa Abuja.

Tsarin Mulki na 1999 ya ce kotun ta ƙunshi Babban Jojin Nijeriya da waɗansu alƙalai da ba za su wuce 21 ba. Ba a naɗa mutum sai ya yi aƙalla shekara 15 da zama lauya. Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke ba da suna, Shugaban Ƙasa ya naɗa, Majalisar Dattijai ta tabbatar. Alƙali yana iya yin murabus in ya kai shekara 65, tilas ne kuma ya sauka in ya cika 70. An kuma sharɗanta cewa a riƙa lura a sami masana shari'ar Musulunci da masana dokar gargajiya a cikinsu. Alƙalai 5 ne ke zama su ji ƙara, amma in magana ta shafi fassarar Tsarin Mulki ko haƙƙin ɗan Adam, sai su zauna su 7, a bi ra'ayin mafi rinjaye, wanda ya saɓa kuma ya rubuta dalilinsa a ajiye. Yawancin aikinta shi ne jin ƙararrakin da suka fito daga Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma in jayayya ta tashi tsakanin Gwamnatin Tarayya da jiha, ko tsakanin jiha da jiha, kai tsaye ake zuwa gabanta.

Sir Adetokunbo Ademola, ɗan Alake na Abekuta, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar Babban Joji, ya riƙe ta daga 1958 zuwa 1972. Bayansa aka yi Dokta Taslim Elias, sa'an nan Sir Darnley Alexander, da Atanda Fatai-Williams, da George Sowemimo, da Ayo Irikefe. Cikin 1987 Mai Shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina, ya zama ɗan Arewa na farko da ya riƙe muƙamin, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi daga 1995 zuwa 2006. Mace ta farko ita ce Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar cikin 2012, ta biyu kuwa Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta Ikko, wadda aka rantsar cikin 2024. Kun ga ke nan kotun ba ta wani ɓangare ba ce, kowane sashe na ƙasar nan ya sa hannu wajen gina ta.

KOTU BA TA DA SOJA

Abu na farko da nake so mu riƙe shi ne wannan: Kotun Ƙoli ba ta da soja, ba ta da ɗan sanda nata na kanta, ba ta kuma riƙe da baitulmali. Abin da ta mallaka alƙalami ne. In mai mulki ya ga dama ya take abin da ta rubuta, jama'a kuma suka yi shiru, to, shi ke nan. Tarihinmu ya nuna haka ba sau ɗaya ba.

Cikin 1962, a nan Jihar Yamma, Gwamna Sir Adesoji Aderemi ya tuɓe Firimiya Akintola bisa ga wata wasiƙa da yawancin wakilan majalisa suka sa wa hannu, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Kotun tarayya ta ce tuɓewar ba ta halatta ba, tun da ba a kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Aka tafi Landan, cikin watan Mayu na 1963 alƙalan can suka ce ta halatta. Maimakon a bi wannan hukunci, wanda a lokacin shi ne na ƙarshe, sai majalisar Badun ta gyara tsarin mulkin jihar, ta mai da gyaran ya fara aiki tun daga baya, hukuncin ya zama tamkar ba a yi ba. Ba ina cewa wane ne mai gaskiya a rikicin ba ne. Abin lura shi ne tun jamhuriya ba ta tsaya da ƙafarta ba aka koya wa 'yan siyasa cewa hukuncin da bai yi daɗi ba ana iya zagaye shi.

Cikin watan Afrilu na 1970, a shari'ar da lauyoyi ke kira ta Lakanmi, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Ademola ta ce gwamnatin soja ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutane ta hanyar kafa dokar da ta ambaci sunayensu, domin yanke hukunci aikin kotu ne. Ba a yi mako uku ba gwamnatin Janar Gowon ta fito da Dokar Soja ta 28, wadda ta soke hukuncin, ta kuma hana kowace kotu sake tuhumar dokar soja. Cikin 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sauke Elias daga kujerarsa. Mutumin nan da aka sauke a gida shi ne ya zama alƙali a Kotun Duniya da ke Hague, har ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985.

Bari in ƙetara iyaka kaɗan, domin abin da ya sami 'yan'uwanmu na zango a Gana ya fi kowane misali kusa da mu. Cikin 1957, 'yan watanni bayan samun mulkin kai, gwamnatin Nkrumah ta ba da odar korar waɗansu manyan zangon Kumasi guda biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan Lalemi. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, ba a korar ɗan ƙasa. Kafin alƙali ya yanke magana, majalisa ta kafa wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, ta kashe shari'ar, aka ɗebe su aka kawo Nijeriya. Mutane ne masu dukiya da jama'a, amma ranar da aka ɗaure hannun kotu ba abin da ya tsaya musu. Cikin 1963 Nkrumah ya kori Babban Jojinsa, Sir Arku Korsah, saboda ya sallami waɗanda gwamnati ke so a ɗaure. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

RANAKUN DA TA TSAYA

To, amma kada wani ya fita daga nan yana cewa kotun ba ta da amfani. Akwai ranakun da ta tsaya kai da fata, kuma inuwar da ta kafa a ranakun nan har yau muna shan ta.

Cif Odumegwu Ojukwu ya dawo daga gudun hijira cikin 1982, daga baya ya shiga wani gida a Ikoyi wanda yake cewa na kamfanin mahaifinsa ne, gwamnatin Jihar Ikko kuwa ta ce gidan yana hannunta tun zamanin yaƙin basasa. Magana tana gaban kotu sai gwamnati ta aika da mutane masu ɗauke da makamai, wajen 150, suka fitar da shi da ƙarfi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a mai da shi, gwamnati ta ƙi, ta kuma ruga Kotun Ƙoli tana neman a dakatar da umurnin. Ran 14 ga Fabrairu, 1986, a tsakiyar mulkin soja, alƙalan Kotun Ƙoli, cikinsu har da Kayode Eso da Chukwudifu Oputa da Uwais, suka ƙi biya mata bukata. Suka ce wanda ya raina umurnin kotu ba shi da bakin neman alfarma a gaban kotu, kuma da zarar magana ta shiga hannun alƙali, gwamnati ma ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta.

Na san a cikinmu akwai dattawan da sunan Ojukwu ba ya yi musu daɗin ji. Saboda haka ma na zaɓi misalin. Ka'idar da ta kare shi a Ikoyi ita ce lauya zai ɗauko gobe in wata ƙaramar hukuma ta turo katafila ta rushe rumfunan kasuwa alhali magana tana kotu. Doka ba ta kare wanda muke so ta bar wanda ba mu so, in ta tsage a wuri ɗaya kuwa kowa ruwa zai doka.

Cikin wannan shekara ta 1986 kotun ta yanke wata shari'a daga Jihar Oyo. An yanke wa wani mutum hukuncin kisa saboda fashi, ya ɗaukaka ƙara, amma tun ba a ji ƙarar ba aka zartar da hukuncin cikin 1981. Iyalinsa, talakawa, suka kai gwamnati ƙara, aka kayar da su a kotu biyu. Kotun Ƙoli ta ce kisan haramun ne a doka, domin ko wanda aka yanke wa hukunci yana da haƙƙin a saurari ƙararsa har ƙarshe, ta kuma umurci a biya iyalin diyya. Ba ta iya mai da rai ba, amma ta kafa iyakar da gwamnati ba ta isa ta tsallake ba.

Ga na kusa. Iyaye da yawa a nan suna da 'ya'ya mata a makarantun gwamnatin Ikko. Cikin 2014 Babbar Kotun Jiha ta goyi bayan hana ɗalibai sa hijabi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan cikin 2016, gwamnati ta ƙara gaba, ran 17 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai 5 a kan 2, cewa hanin ya saɓa wa 'yancin addini da Tsarin Mulki ya ba kowa. Ku lura da yadda aka ci wannan nasara: shekara 8 ana bin tsani hawa-hawa, da lauya da takarda da haƙuri. Ku kuma lura cewa sashen da ya kare 'yarka a Ikko shi ne ke kare ɗan Kirista da ke karatu a Kano ko Sakkwato.

Sai maganar canjin kuɗi, wadda ba mai rumfar da ya manta da ita. Farkon 2023 an janye tsofaffin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, sababbi kuwa ba su wadata ba. Tumatir ya ruɓe a kwando, shanu suka tsaya a kara ba mai saye, mutum da kuɗinsa a banki ya kwana da yunwa. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai Gwamnatin Tarayya ƙara kai tsaye, waɗansu jihohi suka bi sahu. Ran 8 ga Fabrairu kotun ta ba da umurnin a dakata, amma ba a bi shi yadda ya kamata ba. Ran 3 ga Maris ta yanke cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, duk da haka sai da aka yi kwana 10 kafin Babban Banki ya sanar da bin hukuncin. A cikin kwana 10 ɗin nan, da hukunci a hannu, talaka bai daina wahala ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa yanke hukunci rabin aiki ne, bin sa shi ne sauran rabin.

INDA TAKE YOYO

Gaskiya ɗaci gare ta, amma tilas a faɗe ta. Kotun Ƙoli tana da nata cututtuka, kuma manyan alƙalanta da kansu sun faɗa.

Na farko shi ne shari'un zaɓe. Cikin 1979 jihohi 19 ne, doka ta ce wanda zai zama Shugaban Ƙasa ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Alhaji Shehu Shagari ya sami haka a jihohi 12, a Kano kuwa ya sami kusan kashi 20 cikin 100. Cif Obafemi Awolowo ya ce jihohi 13 ake bukata, domin ba a gutsura jiha. Ran 26 ga Satumba, kwana 5 kafin miƙa mulki, kotun ta tabbatar da zaɓen Shagari, mafi rinjayen alƙalai suka karɓi lissafin 12 da biyu bisa uku, Mai Shari'a Eso shi kaɗai ya saɓa. Cikin Disamba na 2008 an tabbatar da zaɓen Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa da rinjayen alƙali ɗaya tak, 4 a kan 3, Aloma Mukhtar da George Oguntade da Walter Onnoghen suka ce a soke shi. Cikin Janairu na 2020 kotun ta ba da kujerar Gwamnan Imo ga ɗan takarar da hukumar zaɓe ta ce ya zo na 4. Kowane ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan yana da masu kare shi da masu sukarsa har gobe. Illar ita ce duk sa'ad da alƙali ya zama shi ne mai faɗin wanda zai yi mulki, rabin jama'a za su tafi suna zarginsa, 'yan siyasa kuma za su sa ido a kan wanda ake naɗawa alƙali.

Na biyu shi ne jinkiri. Tsarin Mulki ya yanka wa ɗaukaka ƙarar zaɓe kwana 60, saboda haka ta ɗan siyasa ita ake fara ji. Ƙarar gado ko ta fili ko ta bashi kuwa ba ta da wa'adi, takan yi shekaru tana jiran layi, wani lokaci mai ƙara ya riga mu gidan gaskiya 'ya'yansa su gaji shari'ar. Cikin Oktoba na 2023 alƙalan kotun sun ragu har sun koma 10. A jawabinsa na ban kwana cikin wannan wata, Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya koka a kan haka, ya kuma ce iko ya taru da yawa a hannun Babban Joji, domin shi ne ke shugabancin majalisun da ke zaɓen alƙalai da ladabtar da su. Sai cikin Fabrairu na 2024 aka rantsar da sababbi 11.

Na uku shi ne yadda ake taɓa alƙalan. Cikin Oktoba na 2016 jami'an tsaro na farin kaya suka shiga gidajen waɗansu alƙalai da dare, har da biyu na Kotun Ƙoli, bisa zargin cin hanci. Ran 25 ga Janairu, 2019, 'yan makonni kafin babban zaɓe, aka dakatar da Babban Joji Onnoghen bisa umurnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata kan zargin ƙin bayyana kadara, alhali Tsarin Mulki ya ce ba a sauke Babban Joji sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattijai sun nema. Cikin Nuwamba na 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin da aka yi masa. Wanda ya gaje shi, Ibrahim Tanko Muhammad, ya yi murabus cikin Yuni na 2022, yana mai ba da dalilin rashin lafiya, 'yan kwanaki bayan abokan aikinsa 14 sun rubuta masa takardar koke kan halin da suke aiki a ciki. Alƙalin da ya ci hanci lalle a hukunta shi, babu mai jayayya da wannan. Amma a bi ƙofar da doka ta buɗe, domin in aka saba shiga ta taga, alƙalin kirki ma zai riƙa waiwaye kafin ya sa hannu a hukuncin da zai ɓata wa gwamnati rai.

Mai Shari'a Oputa ya taɓa faɗa, a wata shari'a cikin 1989, cewa su alƙalan Kotun Ƙoli mutane ne masu kuskure, maganarsu ta zama ta ƙarshe ne kawai saboda tilas shari'a ta tsaya a wani wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin tsagar kuwa shi ne a yi yaɓe, wanda ya rushe bangon don haushin ƙadangare shi zai kwana a fili.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Yanzu in dawo kanmu. Akwai sassa na Tsarin Mulki da ya kamata kowane mai gida a nan ya sani kamar yadda ya san lambar rumfarsa. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon tafiya da zama a ko'ina cikin Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin asali. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida a kowace jiha. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, a kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana 1 in akwai kotu cikin nisan kilomita 40, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma in ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Sashe na 287 kuwa ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum da kowace kotu bin hukuncin Kotun Ƙoli a ko'ina cikin tarayya. Wannan sashe na ƙarshe shi ne amsar mai tambayar farko: ba sai ka je Abuja ba, abin da aka yanke a can shi ne majistaren Ikeja ko na Aba zai bi a kanka.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Ta farko, mu riƙi takarda. Kotu da shaida take aiki, ba ta san "ai kowa ya sani" ba. Wanda ya sayi fili ko ya kama hayar rumfa ko ya ba da kaya bashi, ya rubuta, ya sa shaidu, ya adana rasit. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta biyu, kowace ƙungiya ta kasuwa ko ta unguwa ta ware wani abu daga kuɗin da take tarawa, ta riƙi lauya tsayayye wanda za a kira ko da tsakar dare. Yaranmu nawa ne ke zaune a gidan wakafi wata da watanni saboda ba wanda ya tsaya musu, ko saboda sun dangwala hannu a takardar da ba su san abin da ke ciki ba? Akwai kuma Hukumar Ba da Taimakon Lauya, wadda aka kafa cikin 1976 domin marasa hali, mu nemi ofishinta a jihar da muke. Mu kuma tura 'ya'yanmu da aka haifa a nan su karanta aikin lauya, domin sun ji Hausa, sun ji harshen gari, sun ji Turanci.

Ta uku, kada mu ɗauki doka a hannunmu, kada kuma mu ɓoye mai laifi don namu ne. Mun ga abin da ya faru a Shagamu cikin 1999, da Idi-Araba cikin 2002, da kasuwar Shasha a Badun cikin 2021, da matafiyan da aka kashe a Uromi cikin 2025. Mun kuma san cewa mutanen Kudu mazauna Arewa sun ɗanɗana irin wannan a garuruwanmu. Duk inda taron jama'a ya zama shi ne alƙali, marasa yawa ne ke kwana a ciki, a nan kuwa mu ne marasa yawa. Haƙƙinmu ne mu matsa a gurfanar da masu laifi gaban kotu, mu bi shari'ar har ƙarshe, mu fito mu ba da shaida.

Ta huɗu ita ce mafi wuya. In kotu ta yanke abin da bai yi mana daɗi ba, mu soki hukuncin da hujja, mu nemi majalisa ta gyara doka, amma kada mu taɓa yi wa mai mulki tafi don ya ƙi bin umurnin kotu, ko da ɗan jam'iyyarmu ne, ko da ɗan garinmu ne. Shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba: yau ta ba abokin hamayyarka, gobe kai za ta ba, kuma a goben nan za ka so a ce an saba bin ta. Sanatocin da muke zaɓa, a nan ko a gida, su ne ke tabbatar da alƙalan nan. In sun zo neman ƙuri'a mu tambaye su abin da suka yi game da jinkirin shari'a da yadda ake naɗa alƙalai.

Jama'a, kakanninmu sun zo ƙasar nan da goro da shanu da fata tun kafin a yi Nijeriya, suka zauna bisa amana tsakaninsu da sarakunan gari. Amanar nan tana nan, mu ci gaba da riƙe ta da mutunta masu masaukinmu. Amma a yau an ƙara mana da wata amana rubutacciya wadda ta ce mu 'yan ƙasa ne a duk inda muka sauka, Kotun Ƙoli kuwa ita aka ba ajiyarta. Wajibinmu ne mu san ta, mu yi amfani da ita, mu kuma tsaya mata ranar da aka nemi tanƙwara ta.

Allah ya ba alƙalanmu ikon faɗin gaskiya, ya ba shugabanninmu ikon bin ta, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.